Zauren Turanci: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun taru da yawa, kuma galibinsu a kan furuci ne, wataƙila don jarrabawar WAEC ta ƙarato. Na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani jama'a da dama. Kamar yadda muka saba, ba na buga sunan mai tambaya, garinsa kawai nake faɗa, don kada kunya ta hana wani buɗe baki. Sauran wasiƙun suna nan a ajiye, za mu zo kansu in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Baba Malam, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Ranar da na tashi yin bayani a gaban aji na ce "fatient" maimakon "patient", aji ya kwashe da dariya. Abin haushin, in na zo faɗin "fever" kuma sai "pever" ta fito. Tun ranar ban sake ɗaga hannu ba. Wannan abu yana da magani kuwa? (Wata ɗaliba daga Gusau)

AMSA: Yana da magani, 'yata, kuma a gida za ki haɗa shi. Da farko ki cire wa ranki cewa harshenki ne ya yi nauyi. Abin da ya same ki yana samun kusan duk wanda ya buɗi baki da Hausa, har da masu manyan digiri, kuma dalilinsa a fili yake. Hausa ba ta raba "p" da "f". Harafin da muke rubutawa f, Bahaushe da leɓɓansa biyu yake yin sa, ya matso da su kusa ya hura iska ta tsakani. Wani Bakanon in ya ƙarfafa shi sai ki ji kamar p. Ku kuma mutanen yamma, Gusau da Sakkwato da Katsina, kukan mayar da shi h ko hw, ku ce hita, hwara, hwaɗi. Ko wanne aka faɗa ma'ana ba ta motsawa, shi ya sa kunnenmu bai taɓa damuwa da bambancin ba. Duba kalmomin da muka aro: "petrol" ta zama fetur, "passenger" ta zama fasinja, "pump" ta zama famfo. "Powder" da p take farawa, "photo" da sautin f, amma dukansu a h suka sauka a bakinmu: hoda da hoto.

A Turanci kuwa sautuka biyu ne masu zaman kansu, kuma suna raba ma'ana. "Pan" daban, "fan" daban. Haka "pull" da "full", haka "pill" da "fill". A aikin da kike koyo abin ya wuce batun ado. In kika kira likita da daddare kina so ki ce maras lafiya ta suma, "fainted" ce za ta tashe shi tsaye, "painted" sai dai ta sa ya tsaya tambaya.

Ga yadda ake yi. In p ce, ki rufe leɓɓanki gam, ki tara iska a bayansu, ki sake ta lokaci guda. Ba ta jawuwa, fashewa take yi ta wuce. In f ce, leɓɓa ba sa haɗuwa sam. Haƙoranki na sama za ki ɗora a kan leɓen ƙasa ki hura, kuma kina iya jan ta har numfashinki ya ƙare. In kin yi Islamiyya kin riga kin san wannan, domin mafitar fa'un ke nan a tajwidi: cikin leɓen ƙasa da gefen haƙoran gaba na sama. Wadda take karanta Alƙur'ani daidai tana da f ta Turanci a bakinta, ba ta dai sani ba. Ki tsaya gaban madubi. In kin ga haƙoranki, f kika yi. In leɓɓa sun rufe, p ce. Ki kuma riƙe 'yar takarda gaban bakinki ki ce "pan", za ki ga ta yi tsalle, ki ce "fan", sai dai ta ɗan karkata.

Ƙanwar f ita ce v, wadda mu kan mayar b, mu ce "beri" a wurin "very". Wuri ɗaya suke fita, bambancin kawai v tana da ziza: ɗora hannu a maƙogwaro za ki ji yana rawa. "Fever" ɗin da take ba ki wahala tana ɗauke da su biyun, wato sau biyu haƙora za su sauka a kan leɓe. Ita kuwa "pever" tsoro ne ya haife ta. Tun da aka yi miki dariya kika shiga tsoron f, sai kike guje mata har a gidanta. Sai ki kula da wani tarko da ya cika littattafanku: ph a rubuce f ce a baki, kamar a "pharmacy" da "physician" da "typhoid". Ido yana ganin p, baki ya bi shi.

Ki riƙa ɗaukar minti goma bayan sallar asuba, kina jera kalmomin bibbiyu a hankali, ba gaggawa. Su kuma masu dariya, kowannensu yana da inda harshensa na gado yake leƙowa a Turancinsa: wani h ke suɓuce masa, wani l da r ke rikice masa. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne hannun nan da kika daina ɗagawa. Ki ɗaga shi gobe, ko da p ɗin ba ta gama nuna ba.

TAMBAYA: Malam, wasu na cewa "sank you", wasu "tank you". Wanne ne daidai? (Wani malamin Islamiyya daga Potiskum)

AMSA: Allah ya gafarta Malam, babu daidai a cikinsu, kuma kai ne ya fi cancanta ka gyara mana. Th sautuka biyu ne a Turanci. Na cikin "thank" da "think" da "three" shi ne sa'un mai ɗigo uku ta Larabci, na cikin "this" da "that" da "mother" kuma shi ne zalun. Mafitar da kake koya wa almajiranka ita ce dai: tsinin harshe ya taɓa gefen haƙoran gaba na sama, iska ta bi ta wurin. Mu Hausawa mukan mayar da su s da z, abin da tuntuni muka yi wa kalmomin Larabci, shi ya sa muke cewa Usman da hadisi da zikiri da izini. 'Yan'uwanmu na kudu kuma t da d suke mayar da su. Na sha gani a aji, yaron da ya yi haddar Alƙur'ani da tajwidi, da zarar na ce masa "ba ni sa'un mai ɗigo uku", nan take "think" take fita tsaf, alhali ɗan'uwansa yana ta fama da zanen baki a allo. Bambancin yana da amfani, domin "think" tunani ne, "sink" nutsewa, "thick" kauri, "sick" rashin lafiya. Sunaye kaɗan ne suka kauce wa ƙa'idar, irin su Thomas da Thailand da kogin Thames na Landan, waɗanda da t zalla ake faɗarsu.

TAMBAYA: Malam, aikin famfo nake yi. Wani da na yi wa aiki ya ce mini ba "plomba" ake cewa ba, wai b ɗin ba a faɗarta. To in ba a faɗarta, me ya kawo ta? (Wani mai aikin famfo daga Kaduna)

AMSA: Mutumin ya yi gaskiya, ɗan'uwa, "plumber" ake rubutawa, "plama" ake cewa. Tambayarka ta biyu kuwa ita ce mai daɗin. Sunan sana'arka daga Latin ya samo asali, inda ake kiran dalma "plumbum", saboda Rumawa da dalma suke yin bututun ruwa. Shi ya sa har yau alamar dalma a kimiyya Pb ce. Kalmar ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci, b ta zauna a takarda, baki bai ɗauke ta ba.

Irin waɗannan haruffa kashi biyu ne. Akwai waɗanda a da ana faɗarsu, daga baya baki ya yar da su. K ta "knife" da "knee" da "know" tana cikinsu, kuma Jamusawa har gobe suna faɗar k a kalmarsu ta gwiwa. Abin da ya faru shi ne, William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, magana kuwa ta ci gaba da tafiyarta. Kashi na biyu kuma, malamai ne suka cusa su da gangan. "Debt" da "doubt" daga Faransanci suka zo babu b, sai masana na ƙarni na 15 da na 16 suka ce a sa ta don a riƙa tuna asalinsu na Latin. Haka p ta "receipt", takardar nan da kake rubuta wa masu aiki: "risit" ce, kamar dai yadda muke cewa rasit. S ta "island" ma kuskure ne aka yi, aka zaci kalmar 'yar Latin ce alhali ba ita ba ce, kuskuren kuma ya zauna.

Mu abin yana ba mu mamaki ne saboda rubutunmu na boko a ƙarni na 20 aka daidaita shi, abin da aka rubuta shi ake faɗa. Ga abin da za ka riƙe: in kalma ta ƙare da mb, ka bar b ɗin, kamar "comb" da "climb" da "bomb" da "thumb". Amma a "number" da "member" da "timber" ana faɗarta, kuma shaida tana bakinka, tunda lamba da mamba muke cewa. Ka ƙara da t ta "listen", da w ta "sword", da d ta farko a "Wednesday", da h ta "honest" da "hour".

TAMBAYA: Malam, musu ya kaure a gidan kallon ƙwallo. Leicester, "Laisesta" ce ko "Lesta"? (Wani matashi daga Kurna, Kano)

AMSA: Masu "Lesta" ne suka ci, ɗana. Musun nan tun 2016 nake jin sa, shekarar da ƙungiyar ta ɗauki kofin Firimiya, Ahmed Musa kuma ya koma can. Wutsiyar nan ta "cester" da "chester" daga kalmar Latin ta sansanin soja take, wato garuruwan wuraren da Rumawa suka taɓa zama ne. Tsawon zamani ya sa mazauna garin suka haɗiye tsakiyar sunan. Haka Gloucester "Glosta" ce, Worcester "Wusta", amma Manchester a cike ake faɗarta. H ta "ham" a ƙarshen sunan gari ita ma faɗuwa take yi: Fulham "Fulam", Tottenham "Totnam". A West Ham kuwa ana jin ta, don ita kalma ce mai zaman kanta. Sunan gari ba ya bin ƙa'ida, masu gari ake saurare. Ka buɗe kunne ga mai sharhin wasa, darasi ne kyauta.

TAMBAYA: Malam, ni direba ne, maigidana Bature ne. Ya tambaye ni, "Didn't you see my message?" Ban ga saƙon ba, sai na ce "Yes sir." Ya fusata, wai na gani na ƙi zuwa. Ina laifina? (Wani direba daga Fatakwal)

AMSA: Ba ka yi ƙarya ba, ɗan'uwa, Hausa ka yi da kalmar Turanci. Wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya karanta a wannan wata, domin kuskuren furuci dariya yake jawowa, wannan kuwa yana iya raba mutum da aikinsa. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka ga saƙona ba?" sai ya ce "E, ban gani ba." E ɗinsa tana gaskata mai tambaya ne, wato haka ne, yadda ka faɗa. Bature ba ya duba yadda aka gina tambayar, abin da ya faru yake dubawa. In abin ya faru "yes", in bai faru ba "no", ko da wace siga aka tambaye shi. Saboda haka da ka ce "yes", abin da maigidanka ya ji shi ne "na gani".

Maganin shi ne kada ka bar "yes" ko "no" tsirara. Ka sa mata wutsiya: "No, I didn't" ko "Yes, I did." Ko ma ka faɗi jimlar duka, "I didn't see it, sir." Wannan ya shafi duk mai zuwa gaban likita a ƙasar waje, ko neman biza, ko ganawar ɗaukar aiki. Ƙanwar wannan matsala ita ce "Do you mind?" Mai faɗin haka cewa yake yi, zai dame ka? In ka yarda, amsarka "No, not at all" ce. In ka ce "yes", ka hana ke nan.

Tunda da Bature kake aiki, ga wasu biyu. "I am coming" da muke faɗa muna juya baya, "ina zuwa" ce muka fassara. Shi a wurinsa mai zuwa yana matsowa ne. Ka ce "I'll be right back" ko "Just a moment." Sai "sorry". In ya yi tuntuɓe ka ce masa "sorry", yana iya ce maka ai ba laifinka ba ne, domin shi a irin wannan wuri "Are you all right?" ya saba ji. Amma tsakaninmu 'yan Najeriya ban yarda a bar ta ba. Sannu ce muka sa wa rigar Turanci, kuma al'ummar da take yi wa wanda ya yi tuntuɓe sannu tana da abin da bai kamata ta yar ba. Ka je ka yi wa maigidanka wannan bayani a natse, ina kyautata zaton zai gane.

TAMBAYA: Baba, malamarmu ta ce "borrow me your pen" kuskure ne. Me ya sa? (Wata 'yar aji uku daga Azare)

AMSA: Malamarku ta yi daidai, jikata. Mu abin da muke rabawa shi ne irin kayan: in abin ne da kansa zai dawo, aro ne, in kuɗi ne ko hatsi da za a biya da madadinsa, rance ne. Bature bai damu da wannan ba, shi wanda ya bayar da wanda ya karɓa yake rabawa. Mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Don haka ki ce "Lend me your pen" ko "May I borrow your pen?" Ta biyun ta fi ladabi.

TAMBAYA: Malam, ina shirin WAEC, kuma ɓangaren furuci yana ba ni tsoro. "Ship" da "sheep" duk ɗaya nake jin su, batun danna gaɓa kuwa ban gane shi ba sam. (Wani ɗan aji shida daga Birnin Kebbi)

AMSA: Ɗana, ka fi yawancin waɗanda za ku zauna jarrabawar tare sa'a, domin Hausa tana da dogon wasali da gajere. Gari na mutane da garin tuwo ba ka taɓa rikita su ba, haka gashin kai da gashin nama. To me ya sa "ship" da "sheep" suke haɗe maka? Akwai wata ƙa'ida a Hausa da muke bi ba mu sani ba: dogon wasali ba ya zama a gaɓar da baƙi ya rufe. Ka ce "gida", ka ji a ta ƙarshe ta ja. Ka ce "gidan", ka ji ta gajarce. Ita "sheep" baƙi ne ya rufe ta, sai bakinka ya yi mata abin da ya saba, ya datse ta. Dabarar ita ce ka jinkirta baƙin ƙarshe. Ka ce "shii" kamar a nan za ka tsaya, sannan ka ɗora p. Haka za ka yi wa "leave" da "feel" da "seat" da "fool", ka gwama su da "live" da "fill" da "sit" da "full". Wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, sai ai da au. Daidaitaccen Turancin Ingila yana da kimanin 20, alhali haruffan rubuta su biyar ne. Don haka kada ka yarda da harafi, ka koyi alamomin furuci da ke gaban kowace kalma a ƙamus, da su ake tambaya a takardar.

Danna gaɓa kuma ɗan'uwan karin sautinmu ne. Wuya na jiki da wuyar aiki, kukan yaro da bishiyar kuka, kunnenka yana raba su ba tare da an koya maka ba. Bature shi gaɓa ɗaya yake zaɓa a kalma ya ba ta ƙarfi da tsawo, sauran ya sassauta su har wasalinsu ya kusa ɓacewa. Mu kuwa kowace gaɓa mukan ba ta haƙƙinta, shi ya sa ake gane mu. A kalmomi da dama masu gaɓa biyu, suna yana ɗaukar ƙarfi a farko, aikatau a ƙarshe: REcord da reCORD, EXport da exPORT, PREsent da preSENT. Waɗanda muka saba juyawa a nan ƙasar su ne masu fitar da tambaya suke so: MAdam ce, CHAllenge ce, comMITtee ce. A ƙamus za ka ga ɗan ƙaramin tsinke a sama, gaɓar da ke biye da shi ita ake dannawa. In kana da waya, ƙamusoshin intanet suna furta kalma, ka saurara ka maimaita da ƙarfi.

Abu na ƙarshe, cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa "bread" ta zama burodi, "driver" ta zama direba. Wannan Hausa ce mai kyau, amma in Turanci kake yi kada ka sa wasali a tsakani. Ka ja s ɗin "school" tukuna, sannan ka faɗa kan k kai tsaye.

TAMBAYA: Malam, Faransanci na yi a makaranta. Yanzu ina saro kaya a Kantin Kwari da Dubai, ina koyon Turanci da kaina. Me zan fi kiyayewa? (Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi)

AMSA: Alhaji, ka riga ka ci rabin hanya. Tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da shari'a a can, kuma kalmominsa sun cika Turanci. Sai dai wasu sun canza hali a hanya. "Demander" roƙo ne ko tambaya, amma "demand" neman dole ne, in ka rubuta wa abokin ciniki "I demand" zai ji kamar faɗa kake nema. Ka ce "I would like" ko "Could you". "Actually" ba "yanzu" ba ce, "a gaskiya" ce. "Library" ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba. Kuma Faransanci yana jam'inta labari da shawara, Turanci ba ya yi: babu "informations", babu "advices", haka babu "furnitures" da "equipments". Wannan 'yan Najeriya ma su ji.

A furuci, Hausarka za ta fi taimaka maka. H da Faransanci ya hana ka faɗa, dawo da ita, ta "hannu" ce. R ta maƙogwaro kuma ka ajiye ta, tamu ta fi kusa. Amma inda kuɗinka yake shi ne lissafi. Ku waƙafi kuke sa wa ɓangaren lamba, Turanci ɗigo yake sawa, waƙafi kuma na raba dubbai ne. Wato 1,500 a takardar Turanci dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 1.5 kuma ɗaya da rabi. Sannan "fifteen" da "fifty", "thirteen" da "thirty", a waya suna kama da juna ƙwarai. In ana ciniki ka bi da lambobin ɗaya-ɗaya, "one five" ko "five zero", ka kuma nemi a turo maka a rubuce.

TAMBAYA: Malam, makarantar ɗana suna karɓar kuɗi na musamman wai don koyar da lafazin Turawa. Yanzu yaron ta hanci yake magana, har yana gyara mini Turanci a gaban baƙi. A kalmar "schedule", na ce "shedul" ya ce "skejul". Wai wanne ne Turanci na gaskiya, na Ingila ko na Amurka? (Wata uwa daga Abuja)

AMSA: Hajiya, dukansu Turanci ne. Rabuwarsu a rubutu tana da tarihi sananne: Noah Webster ya fitar da ƙamusunsa a Amurka a 1828, shi ya tabbatar musu da "color" da "center", Ingila ta zauna a kan "colour" da "centre". Makarantunmu tun asali tsarin Ingila suke bi, talabijin da waya kuma na Amurka suke shigo mana da shi. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne su zaɓi ɗaya a rubutu su tsaya a kai, kuma ga mai jarrabawa a nan na Ingila ya fi kwanciyar hankali. Ko a Ingilar ma ba baki ɗaya ba ne, mutumin Liverpool da na Landan kowa da nasa, balle a haura Scotland. Namu na Najeriya shi ma an san da zamansa. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow".

Ba na adawa da koyar da furuci, ai shi muka wuni muna yi a wannan shafi. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa iyaye kwaikwayo da sunan ilimi. Magana ta hanci ba ta cikin manhaja. In kina so ki ji abin da nake nufi da Turanci mai kyau a bakin ɗan Arewa, ki nemi jawabin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, ranar da aka karɓi Najeriya. Ɗan Kwalejin Katsina ne, makarantar da ta yi suna wajen horar da baki. Ku saurara tare da yaron. A natse yake magana, kowace kalma tana fita sarai, ba gaggawa, ba maƙale murya, kuma mutumin nan da Hausa ya rubuta littafinsa.

Ki je makarantar ki tambaye su abin da suke koyarwa a darasin. In suna raba wa yara "ship" da "sheep", suna nuna musu inda ake danna gaɓa, suna sa su karatu a bayyane, kuɗinki bai faɗi ba. In kuwa lanƙwasa murya ce kawai, ki faɗa musu ra'ayinki. A gida ki ci gaba da yi masa Hausa, ba za ta rage masa Turanci ba. Batun gyara miki magana a gaban baƙi kuma ba na furuci ba ne, na tarbiyya ne, ki zaunar da shi ke da mahaifinsa ku nuna masa. In ya ji wani abu a bakinki, ya bari sai kun keɓe ya tambaya da ladabi. Ki kuma gaya masa "shedyul" ɗinki ita ce ta Ingila, "skejul" ɗinsa ta Amurka, kamar yadda harafin ƙarshe yake "zed" a Landan, "zi" a New York.